Littafin Awo

Littafin awona na nan ƙarƙashin keke,
bangonsa ya sha mai, ɓera ya ɗanɗani gefensa.
Shafi na sha tara, Hansatu 'yar Lopere:
ƙugu tamanin da takwas.
Da jan biro na rubuta,
shekarar da Binuwai ta cinye wa babanta gonar albasa.

Da damina ta zagayo, ta shigo shagona
da tafiyar mai ɗauke da ƙwai a faifai.
Na zagaya igiyar awo, na murza ido, na sake.
Ɗari da ɗaya.
"Yaya Kande, roba ce. Duwala na je.
Kar Inna ta ji."
Ba ta ji ba. Tela ya fara ɗinke bakinsa kafin zane.

Sai dai atamfa ba ta iya ƙarya ba.
In ta sunkuya, bakin robar ya fito
kamar murfin kwano a ƙarƙashin mayafi.
Na yi tattara, na sa shafi biyu,
bai ɓoyu ba.

Rannan ta zo da sabon zance:
za a zuƙi kitsen cikinta, a tace,
a bi gefen robar da allura
yadda magini ke bin tsagar bango da yaɓe.
Ni da ban wuce aji huɗu ba, na tsai da keke.
"In kitsen ya ɓata hanya fa?"
Ta kalli titi, 'yan acaba na wucewa.
"In allura ta nutse ta sami jijiya, sai huhu.
Likitan bai ɓoye ba. Har hannu zan sa a takarda."
"To, zai zauna?"
"Wani ya zauna, wani jiki ya shanye."
"Robar fa?"
"In ciwo ya shiga, a ciro duka."
Na ce, cinikin biri a sama ke nan.
Ta ce, "Yaya, jikina ne.
Ke ba ki taɓa farke ɗinki don ki gyara ba?"
Na farke mana. Amma yadi ba ya jini.

Ta sayar da firjin da take sanyaya folere,
ta ɗebi zubin adashi,
mota zuwa Gaundare, jirgin ƙasa da dare.
Kwana tara wayarta a kashe.
A kwana na shida na ɗinka wa amarya hannun riga a baibai.

Ta dawo rub da ciki a bayan mota.
Mako shida ba zama.
Tuwo a durƙushe, barci kamar kada a bakin yashi,
ɗamarar roba a zafin Garwa,
gumi na bin ta har idon sawu.
An ce wa Inna maruru ne.
Inna ta daka magani, ta aiko, ba ta tambaya ba.
Ina jin ta sani.

Wani dare ina yi mata fifita, ta ce,
"Akwai wata 'yar Marwa a gadon kusa da ni.
Mun raba lemo ɗaya.
Da safe na ga an sauya zanen gado."
Ban ce komai ba. Na ci gaba da fifita.

Farkon awo, ɗari da bakwai.
Bayan wata huɗu, ɗari da huɗu.
Bakin robar ya ɓuya, gaskiya ne,
amma hagu ya fi dama sauka da yatsa biyu.
Ta juya gaban madubina mai tsaga:
"Ya kika gani?"
Allurai ne cike da bakina, na gode musu.

Yanzu da fensir nake rubuta shafinta.
In na yanka mata yadi, nakan bar rara yatsa uku
daga ciki, inda ba mai gani.
Jiya ta tambaye ni kuɗin mota zuwa Gaundare, ko ya ƙaru.